SARKIN MUSULMI MUHAMMADU BELLO DA TASWIRAR GULBIN KWARA

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Ubangijin gabas da yamma, wanda ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, a ƙasashen Turai akwai mutanen da ke kashe dukiya mai yawa wajen tara tsofaffin taswirori, wato zanen surar ƙasashe da tekuna da garuruwa wanda mutanen dā suka yi. A cikin abin da suke nema har da wata taswira da aka buga a Landan a shekarar 1826, wadda asalinta da Larabci aka rubuta ta a birnin Sakkwato, kuma sunan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello take ɗauke da shi. Gulbin da ya ratsa cikinta shi ne wannan da ke bakin garinmu na Gaya, wanda Hausawa ke kira Kwara, Dandawa da Zabarmawa kuma ke kira Isa. Da yawa daga cikinmu sun san Bello a matsayin jarumi kuma ɗan Shehu. Kaɗan ne suka san shi a matsayin masanin ƙasa, kuma ta wannan fuska muke so mu duba rayuwarsa.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1195 ta Hijira, daidai da 1781. Mahaifinsa shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mahaifiyarsa kuma Hauwa'u. Ya tashi a Degel, cikin ƙasar Gobir, a gidan da maza da mata duk suke karatu. Ya ɗauki tafsiri da hadisi da usulu a wurin mahaifinsa, ya ɗauki nahawu da lugga da balaga a wurin baffansa Malam Abdullahi, ya kuma yi karatu a wurin yayansa Muhammadu Sa'adu. Bai tsaya ga waɗannan fannoni ba. Ya shiga ilmin magani da hisabi da ilmin taurari, kuma ya kasance mai yawan tambayar fatake da alhazai labarin ƙasashen da suka ratso.

Yana ɗan shekara ashirin da uku aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, a watan Fabrairu na 1804. Ya halarci Tabkin Kwatto a wannan shekara, ya ga nasara. Ya ga yadda aka rasa malamai da mahaddata masu yawa a Tsuntsuwa da Alwasa. Shi ne ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa a 1808, kuma shi ne ya kafa birnin Sakkwato a 1809. Yawancin wasiƙun jama'a ma shi ke rubuta su, har da muhawarar da aka daɗe ana yi da Shehu Muhammadu Al-Amin Alkanemi na Barno a kan halaccin yaƙin. Mai aika runduna da manzanni zuwa Katsina da Kano da Zazzau da Bauci dole ya san kwana nawa ne tsakanin wannan gari da wancan, ina rijiya take, ina ake ƙetare gulbi da damina. A nan ne karatunsa na littafi ya haɗu da sanin hanya.

A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa gida biyu: gabas a hannun Bello, yamma a hannun Malam Abdullahi. Ƙasarmu ta Dandi, tare da Kabi da Zabarma, ta faɗa ɓangaren yamma, wanda cibiyarsa ta zama Gwandu. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa kakanninmu ba su haɗu a kan ra'ayi ɗaya ba game da wannan mulki. Wasu sun bi, wasu sun yi tirjiya, kuma bayan zamanin Bello, daga 1849, Kabawa da Zabarmawa da Dandawa da Arawa suka tashi suka ƙwace mafi yawan wannan yanki. Allah ya gafarta wa waɗanda suka gabata duka.

LITTAFIN INFAƘUL MAISURI

A wannan shekara ta 1812, wato 1227 ta Hijira, Bello ya kammala shahararren littafinsa Infaƙul Maisuri, tarihin ƙasashen Takruru. Mai buɗe littafin yana zaton zai tarar da labarin yaƙi tun daga shafin farko, sai ya tarar marubucin ya fara da siffanta ƙasa. Ya ɗauko daga gabas, daga Darfur da Wadai da Bagarmi, ya zo Barno, ya hau Azbin, ya sauko ƙasar Hausa, ya ambaci Nufe da Yarabawa da Bargu da Gurma, ya wuce zuwa Sanwai da Mali har Futa. A kowace ƙasa yana faɗin yanayinta, da irin mutanenta, da yadda Musulunci ya shige ta, da malaman da suka yi fice a cikinta. Sai da ya gama shimfiɗa wannan duka sa'an nan ya shiga labarin Shehu da jihadinsa.

Wannan tsari yana nuna yadda ya ɗauki al'amarin. A wurinsa ba a fahimtar tarihin mutane sai an san ƙasar da suke zaune a kanta, kuma shugaba ba ya iya adalci ga garin da bai san inda yake ba. A kan wannan tafarki ya bi sahun malaman Musulunci na farko. Tun a shekarar 1154 Sharif Al-Idrisi, haifaffen Sabta a Magrib, ya kammala wa Sarki Roja na tsibirin Sisili littafin Nuzhatul Mushtaƙ, mai taswira saba'in, inda kudu ke sama, arewa ke ƙasa. A cikinsa ya zana Gana da Kaukau, wato Gawo, da Kanem. A can ɗaya gefen kuma ya zana Ingila da Danmak da Nowe da Suwidin da Finlan, a zamanin da waɗannan ƙasashe na arewacin Turai ba su da wata taswira ta kansu da ta kai tasa bayani.

ABIN DA YA ƊAURE WA TURAWA KAI

Bayan ƙarnuka Turawan arewa suka tashi tsaye wajen zana ƙasashensu. A 1539 wani malamin coci ɗan Suwidin, Olawus Magnus, ya buga babbar taswirar arewacin Turai a birnin Banis, a kan takarda tara da ake haɗawa, bayan aikin shekara goma sha biyu. Ya cika tekunta da hotunan dodannin ruwa, amma gaɓar teku da garuruwa ya kusanto da su ga gaskiya. Taswirar ta ɓace har aka fara shakkar ko ta taɓa wanzuwa, sai a 1886 aka tsinci kwafi ɗaya a birnin Munik na Jamus, aka kuma sami na biyu a 1961, wanda ke ajiye a jami'ar Ufsala ta Suwidin. A 1570 Ortiliyus ya buga kundin taswirorin duniya a Antuwaf, daga baya kuma birnin Amsatadam ya zama kasuwar wannan sana'a.

Duk da wannan ci gaba, gulbinmu ya gagare su. Al-Idrisi ya kira shi Nilun Baƙaƙe, ya sa shi yana gudu zuwa yamma har teku. Ibn Baɗuɗa, wanda ya shiga jirgi a kansa a 1353, ya ɗauka shi ne yake zarcewa gabas har ya zama Nilun Masar. Masu zanen Turai sun yi ta kwafar juna ɗaruruwan shekaru. A 1796 Mungo Fak, ɗan Sikotilan, ya gani da idonsa a Segu cewa ruwan gabas yake nufa. To, ina yake ƙarewa? Wasu suka ce a tafkin Cadi, wasu suka ce a Nilu, wasu suka ce shi ne kogin Kwango. A 1798 wani mai zane a Landan ya ƙirƙiro jerin duwatsu da ya kira Duwatsun Kong, ya gicciya su a kudancinmu don su tare wa gulbin hanyar teku, kuma waɗannan duwatsu da babu su sun zauna a taswirori kusan shekara casa'in. Mungo Fak ya dawo, ya biyo ruwan da jirgi daga Sansandi, ya ratsa ta wannan yanki namu, ya halaka a Busa a farkon 1806 ba tare da ya ga ƙarshensa ba. Alhali kuwa Sarkawa da Nufawa da Kakanda kullum suna kansa da jiragensu, kowa ya san nasa yanki kamar tafin hannunsa.

BAƘO DAGA INGILA

Shehu ya rasu a 1817, aka yi wa Bello mubaya'a. Shekarunsa na farko sun cika da tawaye, har da na Abdussalami a Ƙware, kuma sai bayan yaƙin Kalambaina zumunci ya daidaita tsakaninsa da baffansa Abdullahi. Yana shekara ta bakwai a kan mulki, a watan Maris na 1824, wani hafsan jiragen ruwan Ingila mai suna Kilafatan ya iso Sakkwato. Ya taso daga Tarabulus, ya ƙetare Sahara zuwa Kukawa, ya biyo ta Katagum da Kano. Mutane suna kiransa Abdullahi. Aka sauke shi a hannun Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u.

Abin da baƙon ya rubuta game da zamansu ya isa shaida. Sarkin Musulmi ya tambaye shi game da tsofaffin ɗariƙun Kirista, tambayar da ta fi ƙarfin saninsa har ya amsa cewa shi ba malamin addini ba ne. Da ya fito da kayan auna taurari, Bello ya ambaci sunayen buruji da na taurari da Larabci. Ya tambaye shi dalilin da ya sa jiragen Ingila suka yi wa birnin Aljaza'ir ruwan wuta, abin da ya faru a 1816, ya kuma tambaye shi yadda Ingila ta mallaki Indiya. Ya mayar masa da littattafan abokin tafiyarsa Denham, waɗanda suka faɗa hannun mutanen Bello lokacin da Denham ya raka wani hari da aka kai daga Barno.

Babban muradin Kilafatan shi ne ya isa Yawuri da Nufe ya bi gulbin. A wani zamansu Bello ya zana masa hanyar ruwan a kan rairayi, ya nuna masa cewa yana gangarawa kudu ya shiga teku. Amma da maganar tafiya ta taso, sai aka ce masa hanyar ba ta da aminci, kuma ba a ba shi izini ba. Kwana kaɗan ne tsakanin Sakkwato da gulbin, duk da haka ya koma a watan Mayu bai sa shi a ido ba. Abin da ya tafi da shi shi ne wasiƙa zuwa ga Sarki Joji na Huɗu, da wani yanki na Infaƙul Maisuri, da taswirar da ya roƙa, wadda wani malamin fada ya zana. A cikin wasiƙar Bello ya yarda ya hana fitar da bayi ta bakin teku, ya nemi a aiko masa da jakada da likita da makamai.

TASWIRAR DA SAƁANIN DA KE KANTA

Taswirar ba irin ta Turawa ba ce mai layukan awo. Garuruwa da'irori ne, hanyoyi layuka ne da ke haɗa su, ga bayani da Larabci a gefe. Taswirar matafiyi ce, mai amsa tambayar wane gari ke bin wane. Abin mamaki shi ne, a cikinta an nuna Kwara ya karkata gabas, kuma rubutun da ke jikinsa yana cewa shi ne yake isa Masar, ana kiransa Nilu. Wannan ya saɓa wa abin da Bello ya zana a kan rairayi.

Masana tarihi sun yi saɓani a kan dalili. Wasu suna ganin malamin da ya zana ta ya bi abin da ya karanta ne a littattafan magabata, kamar yadda ɗalibi kan fifita abin da ke rubuce a kan abin da ya ji a bakin masu jirgi. Akwai kuma abin da zai ƙarfafa wannan zato, domin Binuwai yana haɗuwa da Kwara daga gabas, kuma mai jin labari daga nesa yana iya ɗaukar ruwan biyu a matsayin ɗaya. Wasu kuma suna ganin da gangan aka yi, bayan da fataken Larabawa, waɗanda ke tsoron kasuwar Sahara ta mutu idan aka buɗe hanyar teku, suka gargaɗi Sarkin Musulmi. Kowanne ne ya tabbata, abu ɗaya a fili yake. Bello ya karɓi baƙonsa da karimci, ya tattauna ilmi da shi ba tare da ƙyashi ba, amma ya fahimci cewa nuna wa mai jiragen yaƙi ƙofar gulbi daidai yake da miƙa masa mabuɗin gida, kuma gidan amana ne a hannunsa.

An buga taswirar tare da fassarar yankin littafin a 1826, a cikin labarin tafiyar. Ta haka masu karatu a Turai suka karanta siffar ƙasashen nan daga alƙalamin ɗan ƙasa.

ZUWA NA BIYU

Kilafatan ya dawo ta bakin teku. Ya sauka a Badagiri a ƙarshen 1825, ya ratsa ƙasar Yarabawa da Bargu, ya ƙetare gulbin kusa da Busa, ya isa Kano, ya sadu da Bello a watan Oktoba na 1826. A cikin kyaututtukan da ya kawo akwai littafin Iƙlidis na ilmin handasa da Larabci. Bello ya yi murna da shi ƙwarai, ya bayyana cewa gidansu yana da kwafi da wani ɗan'uwansu ya kawo daga Makka, amma gobara ta cinye shi a shekarar da ta gabata. Bayan ƴan kwanaki baƙon ya shiga wurinsa ya tarar da shi zaune yana nazarin littafin.

Sai dai zamani ya sauya. Yaƙi ya ɓarke da Barno, ga shi kuma baƙon yana ɗauke da wasiƙa da kyauta, har da makamai, zuwa ga Alkanemi. Bello ya hana shi wucewa, ya karɓe kayan. Ya kuma gaya masa abin da ake faɗi, cewa Ingilishi sun shiga Indiya ne da ɗaiɗai da bibbiyu, har suka yi ƙarfi suka cinye ta. Kilafatan ya ji zafin wannan, ciwo kuma ya kama shi, ya mutu a Sakkwato ranar 13 ga Afrilu 1827. Baransa Landa ne ya koma da takardunsa. Shi ne kuma ya dawo tare da ƙanensa a 1830, suka shiga kwalekwale suka biyo ruwan daga yankin Busa har suka fita teku a watan Nuwamba. Zanen kan rairayi ya tabbata.

SAURAN AYYUKANSA DA RASUWARSA

Bello ya yi shekara ashirin yana mulki. Ya kafa garuruwan ribaɗi a bakin iyaka, mafi shahara a cikinsu Wurno, inda ya fi zama. Ya kwaɗaitar da makiyaya su zauna wuri ɗaya su karantar da ƴaƴansu, ya umurci sarakuna su kula da masu sana'a da kasuwanni da hanyoyi, kamar yadda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje a littafin Usulus Siyasa. Ya bar littattafai fiye da ɗari, a cikinsu har da na maganin ciwon ido da na basur. Masu tarihinsa sun ambata cewa daga guminsa yake ci, ba ya taɓa baitulmali don bukatar kansa. Alhaji Umaru Futi ya zauna a wurinsa shekaru bayan dawowarsa daga hajji, har ya auri ɗiyarsa. Babban yaƙinsa na ƙarshe shi ne Gawakuke a 1836, da Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa.

Ya rasu a Wurno a watan Rajab na 1253, daidai da Oktoba 1837, yana da kimanin shekara hamsin da shida a lissafin rana, kuma a can kabarinsa yake. Ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa.

ABIN DA YA BIYO BAYA

A 1853 Bajamushe Bart, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya karanta Infaƙul Maisuri a wannan ƙasa a zamanin Aliyu Babba ɗan Bello, sa'an nan ya bi ta Gwandu, ya ratsa kwarin Foga inda ya ga masu dafa gishiri, ya ƙetare gulbin a Sayi. Da bayanin irin waɗannan matafiya aka cika taswirorin Turai, kuma a kan waɗannan taswirori aka raba mu. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi zuwa Barwa a bakin tafkin Cadi. A 1898 suka sake zama a Faris, suka bi Dallol Mawuri, suka kuma ɗora tsinin alƙalamin awo a kan Sakkwato suka zagaya da'ira mai nisan mil 100, kimanin kilomita 160. Aka gyara layin a 1904 da 1906, bayan Sakkwato ta faɗa hannun Ingilishi a watan Maris na 1903. Ta haka Gaya ta zama ta Faransa, Kamba da Ilo suka zama na Ingila, ƙetaren gulbi kuma ya zama Dahome, wadda ake kira Benin a yau. Abin da Bello ya yi tsoro ya auku shekara sittin da ƴan kai bayan rasuwarsa.

Maganar ba ta tsaya a zamanin Turawa ba. Rikicin tsibirin Lete tsakanin Nijar da Benin ya ɗauki shekaru fiye da arba'in, kuma da aka kai shi Kotun Duniya a ƙasar Holan, tsofaffin wasiƙun gwamnoni da taswirori da awon zurfin ruwa aka baje a gaban alƙalai. Ranar 12 ga Yuli 2005 kotun ta yanke cewa iyaka tana bin hanyar da jirage ke bi a cikin gulbin, ta ba Nijar tsibiri 16 har da Lete, ta ba Benin 9. Makiyayi da manomi da masunci na wannan yanki duk sun ga yadda takarda ke hukunta inda za a yi kiwo da inda za a jefa taru.

Don haka, ya ku ƴan'uwa, ilmin sanin ƙasa gadonmu ne, kuma malami ɗan malami, shugaban Musulmi, bai ga ya rage masa daraja ba don ya koye shi tare da tafsiri da fiƙihu. Ya kamata makarantun allo da madarisoshinmu su koya wa yara sunayen garuruwa da gulabe da hanyoyin ƙasarsu, su kuma karanta musu Infaƙul Maisuri, domin an buga shi da Larabci tun 1951 a Landan da 1964 a Alƙahira, an kuma fassara shi da Hausa. Wanda ya gaji tsofaffin takardu a gafaka, ko wasiƙa ce, ko takardar gona, ko jerin zangunan hanyar hajji, kada ya bar wa gara da ruwan sama, kada kuma ya sayar wa mai yawon saye da arha. Akwai sashen adana rubuce-rubucen Larabci da ajami a cibiyar binciken ilmin ɗan Adam ta jami'ar Yamai, akwai kuma gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, inda masana za su duba su, su ba da shawarar yadda za a kiyaye su.

Allah ya saka wa Muhammadu Bello da mahaifinsa da baffansa da alheri a kan ilmin da suka bari. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya sanya albarka a gulbinmu da gonakinmu, ya haɗa zukatan waɗanda iyaka ta raba. Amin.